Mai Masauki, Jikan Fatoma

Da goshin magariba, sa'ad da ake rufe shaguna a Kantin Kwari da ke Kano, akwai 'yan kasuwar da ba gida suka nufa ba, domin gidan nasu yana Maraɗi ko Damagaram, na wani ma yana Injamena. An gama ciniki, an ɗaure dilolin atamfa da shadda, amma mota ba za ta tashi ba sai gobe ko jibi. Wasu su kama ɗaki a otel-otel ɗin Sabon Gari. Wasu kuwa su tari adaidaita-sahu su bi titin Katsina, wajen Kurna da Rijiyar Lemo, inda wani magidanci ya ware shago biyu ko uku a ƙofar gidansa, ya share, ya shimfiɗa katifa. Babu allo a bakin gidan, babu sunan kamfani. Wanda ya san wurin, wani ne ya kwatanta masa.

Sana'ar ta girmi titin da ake bi zuwa gare ta. Fagge kanta zango ce tun asali, fili a bayan ganuwa inda ayarin raƙuma daga arewa ke sauke kaya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913 don baƙin da suka biyo dogo daga kudu, sai wannan ɓangare na gari ya zama na masu zuwa da tafiya. Wanda ke sauke fatake a zamanin da shi ake kira fatoma, ko kuma maigida kawai. Abin da zai ba ɗan yau mamaki shi ne fatoma ba kuɗin ɗaki yake nema ba. Zai ba falke makwanci da tuwon dare, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, sa'an nan abincinsa ya fito daga la'ada. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda masu gidajen can ke tsaya wa mahauta a ba su shanu bashi. In mahauci ya gudu da kuɗi, wuyan maigida ake riƙewa, don shi mai shanu ya sani. Polly Hill ta tarar da irin wannan tsari a kasuwar shanu ta Kumasi, ta rubuta a kansa a 1966. Ɗaki dai ƙofa ce kawai. Hajar da ake sayarwa ita ce amana.

Yau kuɗin ɗaki ya shigo, la'ada ta ja baya, ko da yake ba ta mutu ba. A duniya kuma abin ya zama gagarumar kasuwa. A 2007 wasu samari biyu a birnin San Faransisko na Amurka suka hura katifun iska a falonsu suka saukar da baƙi don su samu kuɗin haya, daga nan kamfanin Airbnb ya samo asali a 2008. A Legas da Abuja gidajen kwana biyu da ake kira shotlet sun yawaita. Can baƙo yakan ba mai gida taurari a waya bayan ya tafi. A titin Katsina taurarin a bakin fatake suke, kuma sun fi na waya kaifi, domin hira ɗaya a tashar Maraɗi ta isa ta cika wa mutum ɗakuna ko ta bar masa su da gizo-gizo.

Duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san ruwa ne farkon magana. Mutumin da ya wuni cikin ƙura da cunkoson Kwari ba ya tambayar launin labule, bokiti yake nema. Saboda haka mai masauki yakan riƙe ɗan garuwa ɗaya da ba ya saɓa masa, ko ya haƙa burtsatse in da hali, kuma ba ya barin randa ta kai ƙasa. Sai buta cike a bakin ƙofa, da darduma, da nuna alƙibla tun kafin a tambaya, da faɗin ƙarfe nawa masallacin layi ke tayar da asuba. Wuta ita ce ta biyu. Fanka a watan Afrilu ba ƙawa ba ce, kuma ɗan kasuwar da wayarsa ta mutu kamar an rufe masa shago ne. Wanda ya sa sola ya huta da rigimar man janareto. Wanda bai sa ba, gara ya faɗi gaskiya tun a waya cewa injin daga isha'i zuwa sha biyu yake aiki, da baƙo ya zo ya gano da kansa cikin gumi. Da damina gidan sauro, da hunturu bargo da ruwan zafi. Zanin gado kuwa a cire shi bayan kowane baƙo, ko da dare ɗaya ya yi, ko da ya bar shi tas. Na taɓa sauka a wani masauki da aka turare ɗakin da turaren wuta mai tsada, amma matashin kai yana ɗauke da man gashin wanda ya riga ni. Ban yi magana ba, ban kuma koma ba, kuma na tabbata mai gidan har yau bai san dalili ba.

Tsarin gida ma yana cikin sana'ar. Shagon baƙi ƙofarsa waje take kallo, da banɗakinsa daban, don kada baƙo ya ratsa cikin gida ya takura wa iyali su ma su takura masa. In hajiya ce ta zo sarin leshi, wannan baƙuwar uwargida ce, ciki za ta shiga, kuma maigida daga soro zai gaishe ta. Akwai hajiyoyin da suka yi shekara da shekaru suna sauka gida ɗaya har zumunci ya ƙullu, ana zuwa wa juna suna da biki a tsallaken iyaka.

Wurin da gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne tambaya. Tarbiyyarmu ba ta son a tsare baƙo da bincike, amma zamani ba ya yarda a kwana da wanda ba a sani ba. Gwani yakan haɗa biyun cikin gaisuwa: "Sannu da hanya, Alhaji. Wa ya kwatanta maka nan?" Sunan da baƙo ya ambata shi ne takardarsa ta farko, kuma kira ɗaya ya isa a tabbatar. Bayan an sha ruwa an yi salla sai a nemi katin shaida a rubuta a littafi, in zaman zai yi tsawo a sanar da mai unguwa. A nan ne kuma ake yanke kuɗi da yawan kwanaki, a fili, da naira ne ko da sefa. Kunyar faɗin farashi ranar zuwa ita ke haifar da rashin kunya ranar tafiya. Haka in baƙo ya ba da ajiyar kuɗi, a ƙirga a gaban shaida a rubuta, ko da aminin shekara ashirin ne. In canji yake so, a haɗa shi da yaro ya raka shi Wapa wurin wanda aka sani, kada maigida ya ce zai canza masa da kansa ya ci riba a ɓoye. Ranar da baƙon ya ji farashin kasuwa, an rabu ke nan.

Sai baki. Mai masauki ya san dila nawa baƙonsa ya saya, ya san ranar da zai tashi da motar da zai hau. Wannan sani a teburin mai shayi guba ne. Yaran gida ma sai an ja musu kunne, don sau da yawa daga wurinsu zance ke fita, ba da mugun nufi ba, don burga kawai.

Tsakanin masu masauki su da kansu akwai ladabin da ba a rubuta ba, amma kowa ya san shi. Baƙon wani ba naka ba ne. In ɗakunan maƙwabcinka sun cika ya turo maka mutuminsa, za ka riƙe shi da kyau, amma in ya dawo wata mai zuwa za ka ce masa ya fara leƙa maigidansa. Tare mota a tasha ana karya farashi don a janye baƙin wani abin kunya ne, kuma mai yinsa ba a turo masa kowa ranar da gari ya cika. In wani ya gudu da kuɗin ɗaki ko ya shigo da abin da bai dace ba, ana sanar da 'yan'uwa don kada ya faɗa wa na gaba, amma a faɗi abin da ya faru kawai, ba ƙari, ba a yaɗa hotonsa. Na fi ganin girman wanda ya kira mutum uku ya gargaɗe su a asirce a kan wanda ya tara jama'a yana ba da labari, domin na biyun, baƙinsa na kirki ma suna ji, suna kuma lissafin abin da zai faɗa a kansu.

Sana'ar tana da rani. Da gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka fara buɗewa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe iyakar Najeriya da Nijar, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Wanda duk baƙinsa 'yan Maraɗi ne ya ji a jikinsa. Waɗanda suka tsira su ne masu ƙafa fiye da ɗaya: masu sayen hatsi da riɗi a Dawanau, 'yan biki da gidan amarya ya yi musu kaɗan, da masu jinya a Asibitin Ƙashi na Dala. Na ƙarshen nan su ne jarrabawar mai masauki, don sun zo da niyyar kwana uku sai su yi wata, kuɗi ya ƙare a magani, kuma ba kowace zuciya ce ke iya buga musu ƙofa da littafi a hannu ba. Yawanci ragi ake yi, a bar sauran sai an samu.

Ranar tafiya, bayan asuba, ana kawo kunu da ƙosai ko ba a cikin ciniki suke ba. Yaro ya kira ɗan sahu, a ɗora jaka, maigida ya taka wa baƙo har bakin titi. "Allah ya kiyaye hanya, Alhaji. In kun wuce Jibiya ka kira ni." Kafin ya dawo soro an riga an cire zanin gado an jiƙa, an buɗe taga, ɗan garuwa yana juye jarka ta uku a randa.