Shari'ar Injekta a Ƙofar 'Yandaka

Ƙofar 'Yandaka, wadda ke yammacin birnin Katsina, ita ce ƙofar da Gwamna Lugga ya bi ya shiga garin a shekarar 1903, kuma ko da yake ma'abota tarihi da wannan al'amari suke tunawa da ita, jama'ar wannan zamani sun fi saninta da tashar mota da hanyar Batsari, da manyan motocin da ke shigowa da hatsi da dabbobi, da taraktocin da ke fita ƙauye da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas. Galibin waɗannan, har da injinan niƙa da ke cikin unguwanni da manyan janaretoci, da man gas suke aiki. Wanda duk ya saba zama wurin kanikawan wannan nahiya ya san cewa idan irin wannan inji ya ƙi tashi, ko ya rasa ƙarfi a hawa, ko ya turnuƙe hanya da hayaƙi, to kafin a buɗe komai direba ya riga ya yanke hukunci, sai ka ji ya ce, "Oga, injekta ce ta mutu." Sau da yawa kuwa zalunci ake yi mata, kuma mai mota ne ke biyan diyyar zaluncin, domin kaɗan ne daga kayan inji suka kai ta tsada.

Kafin a shiga shari'a, wajibi ne a san wadda ake tuhuma. Injin fetur yana gauraya mai da iska, sa'an nan fulogi ya ƙyasta musu wuta. Injin gas kuwa, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya yi nasarar tayar da shi a 1897, ba shi da fulogi, iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta kamar ninki goma sha shida zuwa ashirin har zafinta ya haura digiri 500, kuma a daidai wannan lokaci ne ake fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Aikin injekta ke nan: ta auna mai gwargwadon bukata, ta tura shi da ƙarfin da zai buɗe nozul, wanda a tsofaffin injina ya ninka iskar tayar ƙaramar mota sau hamsin zuwa ɗari, kuma ta kai shi ga silindar da ta dace a lokacin da ya dace, ba gaba ba baya, sau dubbai a cikin minti guda. Kamfanin Robert Bosch na birnin Stuttgart ne ya fara ƙera irin wannan famfo da yawa a 1927, kuma da shi ne injin gas ya sami damar barin masana'antu da jiragen ruwa ya hau kan titi sosai.

Iri biyu aka fi gani a garejinmu. Akwai doguwa, mai fulanja a jere, kowace silinda da tata, irin wadda ke jikin tsofaffin Mercedes 911 da manyan tireloli. Akwai kuma mai juyi, wadda kai ɗaya ke raba mai ga dukkan silindu, kamar CAV da ke kan injin Perkins na taraktar Massey Ferguson, ko samfurin VE da Bosch ya fitar a 1975, wanda kamfanonin Japan suka ƙera irinsa suka ɗora wa motocinsu. Injin niƙa mai silinda ɗaya, na Lister ne ko kwaikwayonsa na Indiya, 'yar ƙaramar fulanja guda gare shi, amma hukuncinsu duka ɗaya ne.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne ƙanƙantar ratar da ke tsakanin fulanja da gidanta, wadda ba ta wuce kashi biyu zuwa huɗu cikin dubu na milimita ba, alhali kaurin gashin kan mutum ya ninka haka wajen sau ashirin. Babu roba ko ringi da ke toshe wannan rata, santsin ƙarfe da ƙarfe ne kurum, kuma man gas ɗin da ke wucewa shi ne ke shafe su don kada su ci juna, a mai juyi ma shi kaɗai ne ke shafe dukkan kayan cikinta. Daga nan mai hankali zai fahimci illar da ke tattare da man da aka gauraya da kananzir, wanda ba shi da maiƙo, ko man jarka da ya kwana da ruwa a gindinsa, ko ƙurar hunturu da ke shiga tanki ta bakin da aka toshe da leda maimakon murfi. Tun da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, sha'awar mai arha ta ƙaru, kuma abin da aka rage a bakin hanya da yawa ana mayar da shi ninki-ba-ninki a gareji.

Bakanike nagari, a ganina, kamar alƙali adali yake, ba ya hukunci da zato, kuma ba ya karɓar shaidar mutum ɗaya, ko da kuwa mai motar ne. Yakan fara da tambaya: yaushe abin ya soma, ina aka sha mai na ƙarshe, da sanyin safiya take gardama ko bayan ta yi tafiya, kuma wa ya taɓa ta kafin a kawo ta, wadda ita ce tambayar da direbobi suka fi ƙin amsawa. Sa'an nan ya dubi hayaƙi, domin kowane launi da ma'anarsa. Baƙi yana nuna mai ya fi iska yawa, kuma mafi yawan lokaci filtar iska ce ta toshe, ko lodi ya wuce ƙima, ko nozul yana ɗiga maimakon feshi. Fari mai yaji a ido man da bai ƙone ba ne, wanda kan zo daga jinkirin tayimin, ko iska a cikin layin mai, ko fistin da ya daina matsewa. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, laifin ringi ne ko abin da ya yi kama da haka, injekta ba ta da hannu a ciki ko kaɗan.

Bayan haka sai a bi hanyar mai tun daga tanki, domin famfo ba ya tura abin da bai iso gare shi ba. A duba ko akwai ruwa da laka a gindin tanki, a sauya filta, a gwada ƙaramin famfon da ke jawo mai, a nemi inda tiyo ya tsage yana shan iska, abin da kan gagari ido saboda wurin yana iya zuƙar iska ba tare da ya zubar da ɗigon mai ba. Wata dabara mai sauƙi ita ce a ba injin mai daga galan mai tsabta kai tsaye. Idan ya tashi ya zauna lafiya, to an wanke injekta daga tuhuma ba tare da an kwance noti ɗaya a jikinta ba. A mai juyi akwai wani ɗan makunni na lantarki da ke buɗe wa mai hanya idan an murɗa makulli, kuma waya guda da ta tsinke a kansa ta isa ta hana mota tashi, ta sa jahili ya sayi sabon famfo. Idan injin yana tashi amma yana rawa, sai a sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya yana cikin aiki. Silindar da aka sassauta amma sautin bai canja ba, ita ce matacciya, sai a ciro nozul ɗinta a ɗora a kan na'urar gwaji a ga ƙarfin da yake buɗewa da kyan feshinsa. A nan akwai gargaɗin da ba a wasa da shi, musamman ga yaran gareji: kada kowa ya tara hannu a gaban wannan feshi, domin yana huda fata ya shiga nama, kuma raunin da ido ke rainawa yana iya kai mutum ga rasa yatsa.

Idan duk waɗannan sun kuɓuta, sa'an nan ne hujja ke fara tsayawa a kan injekta, kuma tana da alamominta na kanta. Motar da ke tashi da safe ba gardama, amma idan ta yi zafi aka kashe ta sai an jira ta huce, yawanci kan famfonta ne ya cinye, domin mai idan ya yi zafi yakan tsinke ya sulale ta ratar da ta buɗe. Baƙin mai da ke ƙaruwa a kan sandar awo maimakon raguwa, yana kuma warin gas, yana nuna robar gaban famfo ta saki, ko da yake ƙaramin famfon jawo mai ma yakan jawo haka. Injin da ke hawa yana sauka da kansa ba a taɓa totur ba, gwamnan da ke cikin famfo ake zargi, wato ma'aunin da ke tsare gudun inji. Duk da haka hukunci na ƙarshe ba a gefen titi ake yanke shi ba, sai a kan teburin masu saitin injekta, inda na'ura ke juya famfon a gudu daban-daban, mai yana zuba cikin kwalabe masu awo, kowa ya gani da idonsa ko silindu suna samun rabo daidai. Sau da yawa a nan ake gane cewa sauya fulanja da robobi ya wadatar.

Idan kuwa sauyi ya wajaba, to mai mota yana tsakanin sabuwa, da ta Beljiyam, da wadda aka yi wa kwaskwarima aka fesa wa fenti, kuma ita ta ƙarshen ce ta fi ƙyalli. Kama da wane ba ta wane: famfo biyu suna iya zama tamkar tagwaye a ido alhali awon mai da lokacin feshinsu da ma wajen da suke juyawa sun saɓa, saboda haka lambar da ke kan ɗan allon ƙarfen jikinta ita ce abin dogaro, ba rantsuwar mai shago ba. Ta Beljiyam kuma, komai kyanta, a kai ta teburin gwaji kafin a ɗaura, domin ba wanda ya san shekarun da ta yi a ajiye da ruwa a cikinta.

Ɗaurawar ita kanta aikin natsuwa ne, kuma rabinsa tsabta ce. A cire kan batir, a wanke jikin inji kafin a kwance bututu, a toshe duk bakin da aka buɗe, a kuma nisanci yin aikin a fili ranar da iska ke tashi da ƙasa. Kafin a ciro tsohuwar, sai a juya inji da hannu har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa a bugun matsi, a ga alamomin tayimin sun haɗu, a ƙara yin wata alama da fenti don kariya. Sirrin da ke nan shi ne famfo yana juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na inji, saboda haka fistin yakan kai ƙololuwa sau biyu, sau ɗaya yana matsa iska, sau ɗaya yana korar hayaƙi, kuma wanda ya rikita su zai ɗaura komai daidai a ido, ya wuni yana buga kik, ba abin da zai samu sai farin hayaƙi da mataccen batir. Akwai kuma ɗan ƙaramin ƙarfe mai siffar jinjirin wata da ke riƙe giya a kan sandar wasu famfunan, wanda idan ya suɓuce ya faɗa cikin murfin tayimin, aikin sa'a biyu ya koma na kwana biyu. Doguwar injekta tana bukatar a zuba mata baƙin mai a cikinta kafin a tayar. Bututan ƙarfe kuwa ba a lanƙwasa su da ƙarfi, ba a kuma musanya ɗaya da wanda ya fi shi tsawo, domin da gangan aka yi su tsawo ɗaya.

Alamar da ke jikin giya kusantarwa kawai take yi. Cikakken saiti sai da agogon awo a mai juyi, ko kuma a doguwa a bi hanyar ɗigo, inda ake juya inji sannu a hankali har mai ya daina ɗiga daga bututun farko, a duba ko wannan ya dace da alamar filawil. Idan feshi ya yi gaggawa, inji zai riƙa ƙwanƙwasa kamar ana dukan ƙarfe, idan ya yi jinkiri, sai zafi da hayaƙi da rashin ƙarfi. Daga nan a sa sabuwar filta, a wanke tanki, domin dattin da ya kashe tsohuwa yana nan yana jiran sabuwa, a buga famfon hannu har kumfa ta ƙare, a sassauta bututan nozul a juya inji har mai ya fito, sa'an nan a ɗaure. Lokacin tayarwa ta farko, ya kamata yaro ya tsaya da faffaɗan katako kusa da bakin shan iska, saboda idan gwamna ya maƙale inji yana iya rugawa da gudun da makulli ba ya kashe shi, kuma toshe masa iska ne kaɗai magani, da katako ba da tafin hannu ba.

Akwai wata bidi'a da ta yaɗu tsakanin direbobi, wadda ban ga alherinta ba. Da zarar an gama ɗauri sai ka ji an ce, "Maigida, a ɗan ƙara mata mai ta ji ƙarfin hawa," a fasa hatimin da masu saiti suka sa a kan notin awo, a murɗa. Ƙarfin da ake samu kaɗan ne, domin iskar da silinda ke ɗauka ba ta ƙaru ba, ragowar man kuwa hayaƙi yake zama, ya wanke maiƙon jikin silinda, ya ƙona kan fistin, mai mota ya riƙa biyan kuɗin gas ana watsa shi a sararin sama. Sababbin motoci masu kwamfuta ba su ma da wannan noti, ƙarfin turinsu ya ninka na da sau da yawa, haƙurinsu da gurɓataccen mai kuma ya fi ƙanƙanta, kuma ba a gane ciwonsu sai da na'urar bincike.

Saboda haka, ya kai mai mota ko mai injin niƙa, idan aka ce maka injekta ta mutu, nemi a nuna maka filta da abin da ke gindin tanki, ka bi famfonka zuwa teburin gwaji ka ga awon da idonka, idan kuma an sauya, ka karɓi tsohuwar ka tafi da ita gida.