Bayani a Kan Ruwan Lagireto, Nasiha ga Fataken Karaye da Rogo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƙasar Karaye da Rogo ƙasa ce ta noma da fatauci a yammacin Jihar Kano, Rogo kuwa ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Chalawa a 1992 noman rani ya daɗa ƙarfi, motoci suna ɗibar hatsi zuwa Dawanau, kayan gwari zuwa 'Yan Kaba. To, da bazara, sa'ad da zafi kan kai digiri 40, akan ga mota a bakin hanya an ɗaga mata baki tana tururi, direba ya yi tagumi, yaron mota ya nufi tafki da jarka, tumatirin falke kuwa yana narkewa cikin kwando. Galibi asalin wannan hasara ruwa ne wanda bai wuce lita 5 zuwa 8 ba a ƙaramar mota, aka yi sakaci da shi.

Ga yadda abin yake. Inji wuta yake ci, kusan sulusin zafin man da ya ƙone ruwa ne ke ɗauke shi. Famfo yana kora ruwan cikin hanyoyin da aka ɓoye a jikin inji, ya kwaso zafi, ya bi tiyo zuwa lagireto, inda ya kan rarrabu cikin 'yan siraran bututu, iska da fanka su fifita shi, kana ya koma. Inji ya fi jin daɗin aiki wajen digiri 90. Tsurar ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, watau tazarar kaɗan ce. Saboda haka aka yi murfin lagireto da matsi, domin ruwan da ke matse ba ya tafasa sai ya kai wajen 120. Murfi ke nan ba marufin banza ba ne, wanda ya toshe bakin lagireto da tsumma ya zubar da wannan fa'ida.

Masu karatun Risala da Ahalari sun san hukuncin ruwa: idan launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da wani abu da ba ya lazimtarsa, ba a tsarki da shi, amma wanda ya jirkita da mazauninsa, kamar laka ko kanwa, ya halatta ga alwala. Inji ba shi da wannan rangwame. Ruwan tafki yana shiga da laka, ruwan rijiya yana shiga da gishirin ƙasa wanda ido ba ya gani, zafi ya dafe shi a bango kamar farin dattin da ke kama cikin butar shayi. Daga nan tsatsa ta ci ƙarfe, bututu su toshe ɗaya bayan ɗaya.

Maganin wannan shi ne ruwan da makanikai ke kira kulan. Jigonsa wani sinadari ne mai suna gilaikol, wanda wani masani Bafaranshe, Wurtz, ya fara haɗawa a 1856. Mutanen ƙasashen sanyi suna zuba shi don kada ruwa ya daskare ya fasa inji, shi ya sa wasu direbobi ke cewa ba ruwan ƙasar Hausa da shi. Sun san rabin magana. Idan aka gauraya shi da ruwa rabi da rabi yana ɗaga tafasa zuwa wajen digiri 107 tun ba a rufe murfi ba, kuma a cikinsa akwai magungunan hana tsatsa. Su waɗannan ƙarewa suke yi da daɗewa, don haka ake canja tsohon samfuri bayan shekara 2, mai dogon zango kuwa bayan kamar shekara 5, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa.

Sharaɗi na farko wajen canji shi ne inji ya huce sarai, mafificin lokaci kuwa bayan sallar asuba, motar ta kwana ba ta motsa ba. Wanda ya buɗe murfi da zafi, tafasasshen ruwa zai yi tsiri ya saɓule masa fuska da hannu. Sai a tsai da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a ajiye daro ƙarƙashi, a buɗe murfi, a kwance matoshin gindin lagireto ko tiyon ƙasa, tsohon ruwa ya tsiyaye. A mayar, a cika da ruwa mai tsabta, a ta da inji ya ɗumama, a kashe, a jira ya huce, a sake zubarwa, har sai abin da ke fitowa ya zama garau.

Sa'an nan a zuba sabo. Akwai wanda aka riga aka gauraya, ba a ƙara masa kome. Mai kauri kuwa a haɗa shi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, amma a yi hattara ƙwarai kada a karɓo asid a maimakonsa. Bayan an cika, a ta da inji murfi yana buɗe, har tiyon sama ya yi zafi, kumfa ta daina tasowa, domin iskar da ta maƙale tana hana ruwa kewayawa. A ƙara abin da ya ragu, a rufe, washegari da safe a sake dubawa.

Akwai kurakurai da suka zama ruwan dare. Wasu sukan cire tamostat, watau ƙofar da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, alhali rashinta yana sa shan mai da saurin lalacewa. Wasu sukan zuba gari ko sabulu don toshe yoyo, su toshe har bututun da ke da lafiya. Wasu sukan kwara ruwan sanyi cikin injin da ya tafasa, kan inji ya kantare ko ya tsage. Idan baƙin mai ya koma kamar madara, ko salansa ta riƙa fid da farin hayaƙi bayan inji ya yi zafi, to gaskit ya ƙone, sai a nemi makanike. Mai saye a Ƙofar Ruwa kuma ya duba hatimin jarka da rubutunta, kada ya haɗa samfuri biyu, kada launi ya ruɗe shi ya yi wa rogo kallon kitse, gama ruwa da rini ma kore ne.

Abu na ƙarshe amana ce. Gilaikol zaƙi gare shi, amma dafi ne mai kashe ƙoda. Kada a bar shi inda yaro ko akuya za su kai baki, kada a zuba shi a kwalbar lemo, kada a tuttular da shi kusa da rijiya ko fadamar da ke gangarawa Chalawa. A rufe shi a jarka a kai wa makanike, a wanke daron da kyau.

Shari'a ta hana tozarta dukiya, kayan da ke bayan mota kuwa sau da yawa na mutane ne, an ba da su bisa yarda. Kuɗin jarka guda ba ya kai ushirin kuɗin sauke inji. Mai mota ya tambayi direbansa yaushe rabon da a canja ruwan, ya rubuta ranar a bangon littafin lissafinsa, kafin bazara ta kama.

Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya sa albarka a cikin nema. Allah ne Mafi sani. Tamat.