Ayarin Gishiri: Daga Azbin Zuwa Bilma a Ƙafa

 Shirinmu na musamman a yau zai kai mu arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, cikin hamadar Tenere, inda har yanzu akwai mazajen da ke taka rairayi da ƙafarsu, riƙe da akala, domin su ɗauko gishiri.

Tafiyar tana farawa ne bayan damina ta ɗauke, wajen watan Oktoba, lokacin da raƙuma suka ci sabuwar ciyawa suka yi tozo. Abzinawa, musamman Kel Ewey na garuruwan dutse irin su Timiya, su ne gwanayen wannan hanya. Daga Agadas zuwa Bilma kimanin kilomita 600 ne, kuma mafi yawansa babu ciyawa, babu itace, babu inuwa. Saboda haka kafin a ɗaura wa raƙumi ko buhu ɗaya na gero, sai an yi kwanaki ana yankan ciyawa ana ɗaure ta dami-dami. Abincin dabba ke nan na zuwa da dawowa. A kan hanya akan ajiye wasu dammunan a fili, a yi musu alama, a wuce, sai an juyo a tarar da su. Ana sa wa raƙuma takunkumi don kada na baya ya riƙa fizgar ciyawar da ke kan na gaba. Itacen girki ma ɗaukarsa ake yi, in ya ƙare a tsinci busasshen kashin raƙumi a hura wuta.

To me ya sa mutum zai yi ta sassarfa a ƙasa alhali ga dabba a hannunsa? Amsar tana bayan raƙumin. Duk inda mutum ya zauna, wurin kaya ya tare, kuma ƙarfin da dabbar ta ɓatar wajen ɗaukarsa a tafiya, za a neme shi a rasa ranar dawowa da gishiri. Don haka tun asuba, da an idar da salla an yi laftu, kowa ƙasa yake bi. Sai rana ta take, rairayi ya fara ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, sannan mutum zai kama wuyan raƙumi ya ɗare kan kaya, ba tare da ya tsayar da shi ba.

Wannan rashin tsayawar shi ne abin da baƙo ya fi mamaki. Raƙuma a jere suke, akalar kowane ɗaure a jikin na gabansa, goma ko fiye a layi ɗaya. In ɗaya ya tsaya, na baya su cakuɗe, wani ya gurfana, kaya su goce, a yi asarar lokaci mai tsada. Shi ya sa ayari kan yi awa goma sha biyar ko fiye bai yada zango ba. A cikin tafiya ake cin abinci. Za ka ga yaro ya kwance salka, ya tsiyaya ruwa a ƙwarya, ya dama dakakken gero da cuku da dabino, irin furarsu ke nan, ya bi layi da gudu yana miƙa wa manya. Shayi ma a tafe ake dafa shi. Mutum na riƙe da ɗan kaskon waya mai gawayi, yana lilo da shi don iska ta hura wutar, buta na kai tana tafasa, shi kuma bai fasa takunsa ba. Zai zuba a ɗan kofi, ya ɗaga amawali kaɗan ya kurɓa, ya miƙa wa na kusa.

Hawan tudun rairayi kuwa sai wanda ya gwada. Ka taka, ƙafa ta nutse, ka zame baya rabin abin da ka ci gaba. Raƙumi yana da faffaɗan tafi mai laushi da ke baje nauyinsa, amma gangara tana wahal da shi in yana da kaya, domin nauyin kan rinjayo wuyansa. Madugu ba ya tunkarar tudu kai tsaye. Yakan bi kwarin da ke tsakanin tuddai, ko ya hau ta gefen da iska ta daddaɓe rairayin ya yi tauri, ya kauce wa ɓangaren da ke zubewa.

Madugu uban tafiya, in ji Hausawa, kuma a Tenere wannan kirari ba ado ba ne. Babu sawun da zai bi, iska ta shafe na jiya. Da rana yana duban inuwarsa da yadda tuddai suka kwanta, tunda iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ita ce kuma ke jera su. Da dare yana duban taurari masu fitowa daga gabas, irin su Kaza da 'Ya'yanta, in wannan ta yi sama ya kama wata. Kuskure kaɗan ya isa a wuce rijiya ba a gan ta ba. A ganina wannan ilmi ya cancanci girmamawar da muke ba kowane fanni da ake koyo a makaranta, domin rayukan mutane da dukiyar gari guda ne ke rataye a kansa, kuma yaro tun yana ɗan shekara goma sha wani abu yake fara koyonsa a bayan mahaifinsa.

Alama ɗaya da kowa ya sani ita ce Bishiyar Tenere, wata ƙaya da ta tsaya ita kaɗai kusa da rijiya. 'Yan ayari sun yi zamani suna wucewa ba wanda ya karyi reshenta don dafa shayi. A shekarar 1973 wata babbar mota ta banke ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinta kuma an kafa ta ƙarfe.

Daga nan sai Fachi, sannan Bilma, garuruwan Barebari da Tubawa masu dabino da ramukan gishiri. A Kalala, gefen Bilma, ruwan gishiri ne ke tsatsowa cikin ramuka, rana ta ƙafar da shi, a kwashe, a cuɗa, a zuba a cikin mazubin da aka fafe daga gangar dabino. Abin da ya fito shi ne kantu, mai nauyin kilo 20 ko fiye. Geron da aka kawo shi ke sayen gishiri da dabino, domin gero ba ya yi a can. Raƙumi ɗaya kan ɗauki kantu huɗu zuwa shida, kowane an naɗe shi da kyau don kada ya fashe. Dawowa ta fi zuwa wuya: kaya sun yi nauyi, tozo ya sauka, dare ya fara sanyi mai ratsa ƙashi.

Kuma ko an iso Azbin tafiya ba ta ƙare ba. Bayan ɗan hutu ayari kan gangaro kudu, ta Damargu da Damagaram har ƙasar Kano. Da irin wannan ayarin ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya baro Azbin a ƙarshen 1850, ya shiga Kano a farkon 1851. Makiyaya su sayi kantu don dabbobinsu su lasa, raƙuma su yi rani suna kiwo a gonakin da aka girbe suna bar wa manomi taki, Buzaye kuma su auni geron shekara su koma gida kafin ruwa ya sauka.

A farkon zamanin Turawan Faransa ayari ɗaya kan tara raƙuma dubbai. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya kashe dabbobi masu yawa, tawayen shekarun 1990 da na 2007 ya tsinke hanya, manyan motoci kuma suka karɓe kaso mai tsoka na cinikin. Duk da haka ƙananan ayarori ba su daina fita ba, saboda mai raƙumi ba ya sayen mai, ba ya neman kayan gyara, ciyawar da ya yanka da hannunsa ita ce kuɗin motarsa.