Masallaci da Unguwa: Tasirin Ƙungiyoyin Addini a Biranen Arewa

A wannan takarda muna so mu duba yadda ƙungiyoyin addini suka sake tsarin zaman unguwa a biranen Arewacin Nijeriya. A da, al'amuran unguwa suna hannun mutum biyu ne, watau mai unguwa da liman. Makarantar allo kuwa ta malam ce, a zaurensa take, in ya ƙaura ta ƙaura da shi.

A 1962 Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, da shawarar Malam Abubakar Gumi. To amma ita daga sama ta faro, da sarakuna da manyan ma'aikatan gwamnati. Wadda ta ratsa lungu-lungu ita ce Izala, da Malam Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978. Wa'azi dai ya daɗe a ƙasar Hausa. A ganinmu, sabon abin da ta yaɗa shi ne kwamiti: shugaba da sakatare da ma'aji, da reshe a unguwa wanda ke ƙarƙashin na ƙaramar hukuma, shi kuma na jiha. Ta haka talaka ya sami muƙami ba tare da gado ba. Tela ko direba ya kan zama ma'aji, a tara gudummawa bayan salla, a karɓi fatun layya gida-gida a sayar, a gina ajin Islamiyya.

Inda abin ya fi tasiri shi ne karatun matan aure. Matar da ke cikin kulle ta sami dalilin fita wanda miji ba ya iya musawa cikin sauƙi, tun da da sunan addini aka zo masa. Haka kuma samari, waɗanda da yawansu ba su da aikin yi, suka sa kaki suka zama 'yan agaji, suna tsare hanya ranar Juma'a, suna jinya a asibiti. Mutanen ɗariƙu ma ba su zauna ba: Fityanul Islam, wadda ta girmi Izala, tana da nata 'yan agajin da makarantu, gasar kuwa ta ƙara wa kowa himma.

Sai dai akwai tsada. Unguwar da ke bin liman ɗaya ta wayi gari da masallatai biyu ƙofa da ƙofa, har ɗa ya ƙi bin ubansa salla, aka fasa aure saboda aƙida. Ita kanta Izala ta rabu gida biyu, ɓangaren Jos da na Kaduna, sai a 2011 aka sasanta. Mun kuma lura cewa kwamitin masallaci ya fi zafi kan abin da zai ɗauki sunan ƙungiya, kamar makaranta ko rijiyar burtsatse. Kwatar da ta ratsa tsakanin masallatan biyu, ba ta kowa ba ce, ta kan jira ranar aikin gayya in mai unguwa ya yi shela.