Sansanin cika buri: Yadda magidanta a Amurka ke biyan dubban daloli don zama 'yan wasan besbol na mako guda

A watan Janairun kowace shekara, lokacin da sanyi da dusar ƙanƙara suka lulluɓe arewacin Amurka, wasu likitoci da lauyoyi da 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata kan haɗa jakunkunansu su nufi jihohin Filorida da Arizona masu ɗumi. Da yawansu sun haura shekara 50, wasu ma sun ba 70 baya. Kowannensu ya biya dubban daloli domin a ba shi rigar ƙungiyar besbol da yake goyon baya tun yana yaro, a rubuta sunansa a bayanta, ya kwashe kusan mako guda yana wasa a ƙarƙashin kulawar tsofaffin gwanayen da a da sai dai ya hango su a talabijin. Wannan shiri shi ne za mu kira sansanin cika buri, kuma akasarin ƙungiyoyi 30 na babbar gasar besbol ta MLB suna gudanar da irinsa.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum tara ne a kowane ɓangare. Mai jifa yana wurga ƙwallo mai tauri, mai nauyin kusan giram 145, daga nisan mita 18 da 'yan kai, shi kuma mai duka yana ƙoƙarin make ta da sanda, sannan ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu da ke da tazarar kusan mita 27 a tsakaninsu. Ƙwararren mai jifa kan wurga ƙwallon da gudun da ya haura kilomita 145 a sa'a guda, ta yadda take isa gaban mai duka cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Shi ya sa ɗan wasan da ya yi nasara sau uku cikin goma ake lissafa shi cikin gwanaye.

Mutumin da ake danganta wa ƙirƙiro wannan harka shi ne Randy Hundley, tsohon mai cafe ƙwallo na ƙungiyar Chicago Cubs, wanda a kakar 1968 ya tsuguna a bayan mai duka a wasanni 160. A 1983 ya shirya sansani a Arizona, inda ya tara abokan wasansa na tawagar Cubs ta 1969 domin su horar da magoya bayan da suka biya kuɗi. Zaɓen wannan tawaga akwai hikima a cikinsa. Ita ce ta yi ta jan ragamar rukuninta har ƙarshen kaka ya gabato, sai ta sukurkuce a watan Satumba, New York Mets ta wuce ta, ta je ta ci kofin World Series. A lokacin rabon Cubs da wannan kofi tun 1908, kuma ba ta sake ɗaga shi ba sai a 2016. Yaran da suka sha wannan takaici a 1969 sun zama magidanta masu abin hannunsu a 1983, kuma har a lokacin sunayen Ernie Banks da Ron Santo da Billy Williams ba su bar bakinsu ba. Hundley ya gane cewa wannan ƙauna kadara ce da za a iya sayarwa.

Duk ɗan kasuwar da ya dubi tsarin zai ga inda ribar take. Kowace ƙungiya tana da sansanin atisaye a kudu: 15 a Filorida, 15 a Arizona. Yankees na Tampa, Red Sox na Fort Myers, Phillies na Clearwater, Cubs kuma na Mesa. Ƙwararrun 'yan wasa ba sa isa waɗannan wurare sai tsakiyar Fabrairu, don haka a Janairu filaye da ɗakunan sauya kaya da na masu duba lafiya duk a zaune suke, ga ma'aikata ana biyan su. Shigo da magoya baya a wannan tsakanin kamar mai shago ne ya samu ɗan haya a watan da kasuwa ta yi sanyi.

Sai kuma tsofaffin 'yan wasan kansu. Mutanen zamanin Hundley ba su ga irin kuɗin da ake gani yanzu ba. A 1969 mafi ƙarancin albashin ɗan wasa a babbar gasar dala 10,000 ne a shekara, kuma da yawansu sukan nemi wani aiki idan kaka ta ƙare, kamar sayar da motoci ko inshora. 'Yancin ɗan wasa ya sayar da kansa ga ƙungiyar da ta fi tayi bai samu ba sai tsakiyar shekarun 1970, kuma shi ne ya sa albashi ya yi tashin gwauron zabo, har mafi ƙaranci ya kai dala 740,000 a 2024. Haka nan kafin 1980 sai mutum ya yi shekara huɗu a gasar kafin ya cancanci fansho, alhali daga baya aka rage sharaɗin zuwa kwana 43. Ga wanda ya yi ritaya kafin wannan sauyi, mako guda na aiki da lada, a cikin tsofaffin abokai da mutanen da ke girmama shi, ba abin rainawa ba ne.

Kuɗin shiga ya bambanta daga ƙungiya zuwa ƙungiya, amma yawanci yakan kama daga dala dubu huɗu zuwa shida, wasu ma su zarce. A ciki akwai masauki da abincin safe da na rana da rigunan wasa irin na ƙwararru. Yawancin sansanonin suna gindaya mafi ƙarancin shekaru, sau da yawa 30, domin kada matasa masu jini a jika su mamaye filin. Mata ma suna shiga, har Yankees ta ware musu gajeren sansani nasu.

Da mutum ya isa, zai tarar da ma'ajin kayansa da sunansa a kai, rigarsa a rataye. Idan ya cire ta da yamma, ma'aikata za su wanke ta su mayar kafin gari ya waye, kamar yadda ake yi wa ƙwararru. Ranar farko akan gwada kowa, sannan tsofaffin 'yan wasan su zauna su zaɓi mutanen da za su horar. Daga nan sai wasanni, sau da yawa biyu a rana, kuma galibi zagaye bakwai ake yi maimakon tara. Akan sassauta dokoki: wanda gwiwa ta hana shi gudu ana iya ba shi mai gudu a madadinsa. Akwai kuma kotun barkwanci, al'adar da aka aro daga ɗakunan sauya kaya na ƙwararru, inda wani tsohon ɗan wasa ke zama alƙali yana cin tarar wanda ya manta hularsa ko ya ruga tashar da ba ita ba. Kuɗin tarar yawanci gidauniyar agaji ake kai wa. A sansanoni da dama, ranar ƙarshe mahalarta ke karawa da tsofaffin gwanayen, kuma a nan ne mutum ke gane cewa dattijo mai furfura da ya bar wasa shekara 25 har yanzu yana iya wurga masa ƙwallon da ba zai taɓa ba.

Inda abin ke da haɗari shi ne jiki. Wanda ya shafe shekara 30 a kujerar ofis, idan aka ce ya zabura da gudu daga tsaye, tsokar bayan cinya ce ke fara amsawa. Ciwon kafaɗa da na gwiwar hannu na biye, saboda jifa ta saman kafaɗa motsi ne da jikin da bai saba ba ke ƙi. Shi ya sa zuwa rana ta biyu ko ta uku ɗakin masu duba lafiya kan cika da masu jiran ƙanƙara da bandeji, kuma shi ya sa masu shiryawa ke sa kowa ya sa hannu a takardar ɗauke musu alhaki, suna kuma shawartar mutane su fara motsa jiki watanni kafin zuwa. Mai hawan jini ko matsalar zuciya, ganin likita ya fi masa sayen sabon takalmi muhimmanci. Wanda ya ƙi jin wannan shawara yana iya biyan kuɗin mako guda ya buga wasa ɗaya, sauran kwanakin ya kwashe su a benci.

To, me mutum ya saya da wannan kuɗi? Ba wanda ke fita daga sansanin ya zama ɗan wasa, kuma ba wanda ya je da wannan tunani. Abin da ake sayarwa shi ne kusanci: cin abinci a teburi ɗaya da mutumin da ka ajiye hotonsa kana ɗan firamare, jin labarin abin da ya faru a wani wasa daga bakin wanda ya buga shi, da kuma ya kira ka da sunanka yana yi maka tsiya. A ganina wannan ciniki ne na gaskiya, tunda mai saye ya san abin da yake saya. Sai dai ba a ɓoye yake ba cewa kasuwar masu hali ce. Direban bas ɗin da ya fi kowa sanin tarihin ƙungiyar da wuya ya iya ware dala dubu biyar da hutun mako guda, sai fa idan 'ya'yansa sun haɗa masa kuɗin a matsayin kyautar ritaya, kamar yadda wasu iyalai ke yi.

Duk da tsadar, da yawa daga cikin mahalarta sukan koma shekara bayan shekara, har wasu sansanonin suka kafa nasu zauren karrama waɗanda suka daɗe suna zuwa. Wasu ƙungiyoyin kuma kan gayyaci 'yan sansanin su sake haɗuwa a babban filinsu a tsakiyar kaka, a kira sunayensu ta lasifika, su buga wasa a kan ciyawar da ƙwararru ke takawa.