Kirista da makami: yaushe yaƙi yake halatta?

Ranar 21 ga Maris 2021, 'yan bindiga a kan babura suka afka wa Intazayan, Bakorat da Wistan, cikin gundumar Tiliya, a arewacin jihar Tawa. Gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe. Irin wannan ta'asa takan bar wa kowa tambaya guda, daga ɗan kasuwar Tawa har manomin Bambeye: wanda aka kawo wa hari, ya rama ko ya haƙura? Kiristoci, waɗanda 'yan kaɗan ne a ƙasar Adar, sun gāji amsa iri biyu.

Amsa ta farko ita ce ƙin zubar da jini baki ɗaya. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da dokar Attaura da ta hana kisan kai, da kuma koyarwar Yesu Almasihu kan ƙaunar maƙiyi. A shekara ta 295, a garin Tebesa na Aljeriya ta yau, an fille kan wani saurayi mai suna Maksimiliyan don ya ƙi shiga sojan Rumawa. A zamaninmu, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya na kan wannan turba. Akasarin 'yan matan Cibok da Boko Haram ta sace a 2014 'ya'yanta ne, kuma a shekarar nan aka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi, amma shugabanninta ba su yi kiran ɗaukar fansa ba.

Amsa ta biyu ta fito daga wani ɗan Afirka, Agustin, bishop na Hippo, wanda ya rasu a 430. A ganinsa, hukuma tana da haƙƙin zare takobi don kare talakawanta. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya tsara sharuɗɗa uku: halattaccen shugaba ne zai ba da umurni, dalilin ya zama na gaskiya, niyya kuma ta zama maido da zaman lafiya. Littafin koyarwar Katolika na 1992 ya ƙara bayani: sai an gwada duk sauran hanyoyi sun gaza, sai akwai kyakkyawan zaton nasara, kuma kada maganin ya fi cutar ɓarna.

Saboda haka, ko ɓangaren da ya yarda da yaƙi bai yarda da ramuwar gayya ba. Mutum yana iya kare ransa a lokacin da aka auka masa, soja yana iya tsaron iyaka. Bin ƙauyen wasu don a huce haushi kuwa kisan kai ne.

An jarraba wannan koyarwa a Nijar. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, zanga-zangar ƙin zanen jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Damagaram da Yamai. Aka ƙone majami'u da dama, mutum 10 suka rasu. Shugabannin Kirista suka yi shelar gafara. Haka ma Fada Pier Luigi Maccalli, da aka sace a Bomoanga a 2018, ya ce ya yafe bayan sakinsa a 2020.

Sai dai gafarar wanda aka zalunta ba ta sauke nauyin hukuma. Duk ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa hukunta mai kisa aikin shari'a ne. In hukuma ta yi sakaci, mai haƙuri ne yake fara biya da ransa.