Kanun rahotonka sun hau allo, ina sauran bayanin?

A Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke ratsa gonakin shinkafa da tumatir, matashin da ya iya kwamfuta shi ake ɗora wa rubuta rahoton ƙungiyar masu amfani da ruwa. In kai ne, ka san wannan tun kafin ranar taro.

Idan ka shigar da rahoton da ka rubuta a Word cikin PowerPoint ta Slides from Outline, kanu kawai yake ɗauka. Layin da ka sa wa Heading 1 zai zama taken shafi, Heading 2 ya zama ɗigo a ƙarƙashinsa. Sauran rubutun kuwa, inda ka faɗi kuɗin ruwan da aka tara da magudanar da ciyawar kachala ta toshe, babu shi babu labarinsa. Kana tsaye gaban dattawa, allo ya nuna "Kuɗin ruwa", ƙasa fayau. Wani ma sai ya fara tunanin cinyewa aka yi.

Gyaran ba wuya. Yi kwafi daban, duk adadin da kake so a gani ka mayar da shi Heading 2. Na asalin ka bar shi yadda yake. Kuma ƙara wa harafi kauri da hannu ba ya mai da layi kai. Manhajar ba ta gane shi.

In PDF za ka tura ta WhatsApp, shiga Options lokacin adanawa, ka zaɓi Create bookmarks using Headings. Shugaba zai danna kai ya faɗa sashensa kai tsaye.